Daga Mangalar Jaki Zuwa Sifirin Hilux: Tarihin Ɗaga Mota a Hanyoyin Fataucinmu

Duk shekara idan ranar kafuwar ƙungiyarmu ta zagayo, akan ba ofishin magatakarda shafi a wannan mujalla domin mu waiwayi wani ɓangare na tarihin sana'armu. Bana mun zaɓi maganar mota, kuma da dalili. Kamar yadda mafi yawanku suka sani, Hilux ɗin ƙungiya da ke kwana a ofishinmu na Gurugu ta tsufa ta ƙasa. Bayanta ya zauna, sifirin ya miƙe, ko buhu biyar aka ɗora sai ta riƙa dukan roba. Ita ce motar da muke aikawa idan motar wani ta lalace a daji, ita ke kai mara lafiya asibiti, ita ke ɗaukar wakilanmu zuwa boda idan an riƙe kayan ɗan ƙungiya. Kwamiti ya amince a gyara ƙafafunta kuma a ɗan ɗaga ta kafin damina. Takarda biyu ce a kan teburinmu. Ɗaya ta ce a sa mata tubalin ƙarfe a ƙara falle biyu, aiki na yini guda kuma da araha. Ɗayar ta ce a sauya sifirin da shokozoba gaba da baya, kuɗinta ya ninka na farko sau da yawa. An yi zama biyu ba a daidaita ba, kuma babban taro ne zai yanke.

Da muka zauna da dattawanmu sai muka gane cewa wannan gardama ta girmi ƙungiyar, ta ma girmi motar kanta. Shi ya sa muka ga ya dace mu faro daga tushe.

Zamanin jaki da madugu

Kafin ƙafar mota ta taka ƙasar nan, kakanninmu fatake da jakai da takarkarai suke zuwa Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato ko Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, ya sauka Sansanin Mango, ya biyo ta Yendi har Salaga. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan hanya. Suna kawo kanwa da tufafi da kayan fata da gabu, su koma da goro. Zuwa da komowa kan ci watanni, kuma da rani ake yi, domin da damina koguna ba sa ƙetaruwa.

Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya da zango. Dattawa sun ce abin da ake fara koya wa yaro a ayari shi ne ɗaurin kaya. Mangala gefe biyu gare ta, kuma dole nauyinsu ya zo daidai. Kaya mai nauyi a ƙasa yake zama, mara nauyi a sama. Wanda ya tula wa jaki kaya ya yi tsiri zai yini yana tayar da shi, kuma a bakin rafi zai iya rasa jakin da goron gaba ɗaya. Ba wanda ya taɓa tunanin ƙara wa jaki tsawon ƙafa. Idan kaya ya yi yawa, jaki ake ƙarawa.

Salaga ta fara raguwa bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi har da babban malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, kuma a 1907 Turawa suka mayar da hedikwatar arewa daga Gambaga zuwa Tamale. Manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka koma kai goro ta jirgin ruwa zuwa Legas, daga nan jirgin ƙasa ya haura da shi Kano. Ayarin jakai ya soma ja da baya.

Shigowar lori

Motocin farko da aka shigo da su Gold Coast masu nauyi ne ƙwarai, suna farfasa hanya, suna nutsewa a taɓo. Motar da ta buɗe ƙauyuka bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ita ce ƙaramar Ford ta Amurka. Ba ta da nauyi, cikinta yana nesa da ƙasa, kuma kayan gyaranta ba su da wuyar samu. A zamanin Gwamna Guggisberg, daga 1919 zuwa 1927, aka ba aikin hanyoyi ƙarfi, lori ta riƙa zuwa Tamale daga Kumasi ta Ejura da Atebubu, ta hau jirgin fito a Yeji, ta bi ta Salaga. Tun daga wannan lokaci direbobinmu suka riƙe cewa tsayin mota daga ƙasa dukiya ne. Abin da aka fi mantawa shi ne Ford ɗin nan ta ci hanya ne da tsayi da kuma rashin nauyi, su biyun tare.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai Bedford ta Ingila ta mamaye tashoshi. Kan mota da shasi ake shigowa da su, kafintoci su gina bodin katako a nan gida. Mai mota ne ke faɗin tsawon bodi da yawan benci, shi ne kuma ke cewa a ƙara falle nawa a sifirin. Daga nan al'adar ta kafu: mota takan fara aiki ne bayan ta biya ta wajen maƙera. Cibiyar wannan aiki ita ce Magazin ta Suame a Kumasi, inda makanikai suka fara taruwa tun shekarun 1930, kuma sunan ya samo asali daga tsohon ma'ajin makaman soja da suka fara zama kusa da shi. Mafi yawan manyan makanikan Tamale, ko su ko iyayen gidansu, a can suka koyi aiki.

Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya faɗaɗa mashigar Yeji, jiran jirgin fito zuwa Makango ya zama abin kwana da kwanaki. A hankali babbar hanya ta koma ta Kintampo da Buipe da Yapei. Salaga ta sake komawa gefe, tsohuwar hanyar ta zama ta burji da gargada, irin wadda har yau take karya sifirin.

Zamanin a-kori-kura

Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, Ghana ta biyo baya ranar 4 ga Agusta 1974. Daga nan mota ɗaya tana iya fita daga Kumasi ta ratsa Togo da Benin ko Burkina da Nijar har Kano ba tare da direba ya sauya hannu ba. A 1975 aka kafa ECOWAS a Legas, kuma a shekarar ce kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda ake kira a-kori-kura, da ƙanwarta 504, su ne suka zama jakan ƙananan 'yan kasuwa. Lori tana tsayawa a babbar kasuwa, a-kori-kura ce ke shiga ƙauye ta kwaso masara da gyaɗa da ƙwarar kaɗanya, ta bi kasuwannin Dagbon da ke ci duk bayan kwana shida, irin su Kumbungu da Savelugu da Tolon.

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 kayan gyara sun yi wuya a Ghana. Shekarar 1983 ta haɗa fari da gobarar daji da komowar 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya. A waɗannan shekaru makanikanmu suka ƙware wajen raya mataccen abu. A yanko fallen sifirin Bedford a rage shi a sa wa Peugeot. A kwantar da tsohon falle a kan maƙera a yi ta dukansa har ya sake lanƙwasa. Wani ma ya hura masa wuta don ya yi saurin tanƙwaruwa. Ba don wannan dabara ba da kasuwanci ya tsaya cak, kuma muna jinjina wa waɗanda suka yi ta. Sai dai wani tsohon direbanmu da ya yi wannan zamani ya gaya mana cewa fallen da aka sa wa wuta ba ya shekara. Ya ce, “Ɗana, ƙarfen sifirin da horo yake zuwa daga masana'anta. Ka ƙona shi ka ƙona horon. Zai yi maka kyau a gareji, ya karye maka a Nasia.”

Akwai kuma wani dalilin ɗaga bayan mota da ba a cika faɗa a taro ba. Masu fasa-ƙwaurin fetur da sauran kaya a iyakokin Najeriya da Nijar da Benin sun riƙa ɗaga bayan 504 sosai, domin idan an cika ta kada ta nuna nauyi. Jami'an kwastan sun daɗe da gane wannan. Har yau motar da bayanta ya yi sama fiye da kima ita ake fara tsayarwa a shinge, ko da mai ita bai ɗauko komai ba sai albasa.

Hilux da sauyin ƙafar gaba

Toyota ta fara ƙera Hilux a 1968, ta fito da mai jan ƙafa huɗu a 1979. Sunanta ya ƙara fita a 1987, lokacin da sojojin Chadi suka yi amfani da ita da Land Cruiser suka kori sojojin Libiya daga arewacin ƙasarsu, har ake kiran wannan yaƙi da sunan Toyota. A nan arewacin Ghana ta shigo ne ta hannun ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji da suka cika Tamale, mu kuma muka riƙa sayen ta hannu idan sun yi gwanjo.

A nan ne ya kamata kowa ya natsu, domin Hilux ba iri ɗaya ba ce. Tsofaffin masu jan ƙafa huɗu aksil guda ne miƙaƙƙe a gaba, da sifirin mai falle kamar na baya. Irin wannan maƙeri yana iya ɗaga ta da kayan da ya saba da su. Daga baya aka koma ƙafar gaba mai cin gashin kanta, kowace taya da hannuwanta biyu, da sandar ƙarfe mai murɗuwa wadda ke ɗaukar nauyi. Daga ƙirar 2005 kuma sai aka sa sifirin mai naɗi kewaye da shokozoba. Bayan motar bai sauya sosai ba, har yanzu falle ne. Gaban kuwa ya zama wani abu dabam. Idan aka ɗaga shi fiye da kimanin inci biyu, wato santimita biyar, sandunan da ke kai juyi ga tayoyin gaba sukan karkace fiye da yadda aka ƙera su, robarsu ta yage, maiko ya zube, boljoyin ya riƙa cinyewa da wuri, alaimen kuma ya ƙi zama. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki dabarar zamanin Bedford mun ɗora wa motar da ba a ƙera don ita ba, sannan muna mamakin yadda muke sayen taya duk bayan wata huɗu.

Buƙatar tsayi kuwa gaskiya ce, ba ƙawa ba. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Karaga da Gushegu a watan Agusta, ko ya nufi Saboba da Chereponi don ƙetarawa Togo, ko ya shiga yankin Yagaba da ake yi wa laƙabi da ƙasar waje saboda ruwa kan yanke shi, ya san yadda tsakiyar hanya ke tashi kamar kunya bayan manyan motoci sun haƙa gefe biyu. Ga kuma ruwan madatsar Bagre ta Burkina, wadda aka gina a 1992, da ake saki kusan kowace shekara ya cika Farar Volta. Ambaliyar 2007 ta tafi da gadoji da kwalbatoci da dama a arewa, mutanenmu da yawa ba su manta ba. A 'yan shekarun nan ma hanyoyin burji sun ƙara shiga rayuwarmu. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Ghana ta rufe nata na ƙasa daga Maris 2020 har Maris 2022 saboda korona. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya kawo takunkumi, sannan a Janairu 2025 Nijar da Burkina da Mali suka fice daga ECOWAS. Haɗe da rashin tsaro a gabashin Burkina da rikicin Bawku, tsohuwar hanyar albasa daga Galmi ta Yamai da Fada N'Gourma da Bittou zuwa Kulungugu ba ta biyuwa kamar da. Kowane zagaye da muka yi, motocinmu ne ke biya.

Darasin sikeli

Manyan motoci sun riga mu shan wannan darasi. Shekara da shekaru masu tirela a Ghana suna ƙara wa shasi faranti, suna ƙara falle, domin su ɗauki lodin da ya zarce ƙa'ida daga Tema zuwa Wagadugu da Yamai. A Disamba 2005 ƙasashen UEMOA suka amince da doka mai lamba 14, wadda ta ƙayyade nauyin da kowane aksil zai ɗauka, ta kuma sa tan 51 a matsayin iyakar tirela mai aksil shida. Da Nijar ta fara aiwatar da ita a 2009, motoci da yawa daga Ghana suka maƙale a Makalondi. A ranar ne masu su suka gane cewa ƙarfen da suka ƙara shi ma sikeli yana lissafa shi. Motar da aka ƙarfafa ta fi sauran nauyi tun tana wofi, saboda haka kayan da doka ta yarda ta ɗauka ya ragu.

Ƙaramar mota ba ta hawa sikelin Hukumar Manyan Hanyoyi kamar tirela, amma lissafin ɗaya ne. Hilux motar tan ɗaya ce ko kusa da haka, kuma a cikin wannan tan ɗin har da direba da fasinja da ƙarfen rumfa da tayar safiya. Idan buhun masara kilo 100 ne, buhu goma sun cika ta, kuma mun san buhun kasuwar Aboabo yakan fi haka. Ƙarin falle yana hana baya zama, ido ya ga kamar motar ba ta ji komai ba. Amma birki da bori da aksil da taya da shasi duk suna nan yadda masana'anta ta yi su.

Abin da ya sami ɗan'uwanmu

Ba za mu ambaci suna ba, iyalinsa suna cikinmu. Daminar da ta wuce ta biyu, wani ɗan'uwanmu ya kai motarsa wani gareji aka jera mata tubali biyu a kowane gefe na baya, ɗaya a kan ɗaya, aka ɗaure da tsofaffin yubol da aka ƙara wa tsawo da walda. A gaba aka murɗa sandar har ƙarshe. Motar ta tashi, kowa ya yaba. Ya yi sawu uku lafiya. A na huɗu yana komowa da waken soya da ya kusan ninka ƙa'idar motar, an jera har saman rumfa, mata biyu 'yan kasuwa suna zaune a kan buhunan. A wata kwana ya kauce wa babur, waldar yubol ɗaya ta ɓalle, aksil ya goce, motar ta kwanta. Allah ya kiyaye rai, amma yaron motar ya samu karaya biyu a cinya, ɗaya daga cikin matan kuma har yau ba ta koma kasuwa ba.

Mu ne muka rubuta takardun neman diyya a wannan ofis. Kamfanin inshora ya aiko mai dubawa, ya ɗauki hoton tubalan, aka ba mu amsa cewa an sauya ƙirar motar ba a sanar da su ba. Gyaran mota bai fito ba. Kuɗin asibiti daga asusun taimakon juna ya fito, wato daga aljihun kowa da ke karanta wannan shafi. Da muka je gaishe da Hajiyar da ta ji ciwo, abin da ta ce mana shi ne, “Malam magatakarda, ku maza kuna gaba cikin gilashi. Mu ne a sama. In za ku ɗaga mota ku tuna da mu.” Mun yi mata alkawarin za mu rubuta wannan magana, ga shi mun rubuta.

Abin da ya kamata mu duba kafin mu zaɓa

Na farko, mu san abin da ɗagawa ke bayarwa. Tana ɗaga shasi da tankin mai da bodi, motar ta daina dukan gaba da baya idan za ta hau gangare ko ta fita daga rafi. Amma tulun giyar da ke tsakiyar aksil na baya, wanda shi ne ya fi kusa da ƙasa, ba ya motsawa ko da inci goma aka ɗaga. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, kuma da rabin abin da ta ƙaru. Misali, daga taya 265/65R17 zuwa 265/70R17 tsayin taya yana ƙaruwa da kimanin milimita 27, tulun ya tashi da milimita 13 kacal. Agogon gudu kuma zai riƙa rage gaskiya, yana nuna 100 alhali motar tana kusan 103. Babbar taya tana ƙara shan mai, tana kuma ƙara wa birki aiki.

Na biyu, duk incin da aka ƙara yana ɗaga nauyin mota da na kayanta sama, ita kuma faɗinta bai ƙaru ba. Wannan ita ce maganar mangala da muka faro da ita. Motar da aka ɗaga tana buƙatar direba mai rage gudu a kwana, da yaron mota mai sa nauyi a ƙasa kusa da kan mota.

Na uku, hanyoyin ɗagawa ba daraja ɗaya gare su ba. Tubali tsakanin aksil da sifirin shi ya fi araha, amma yana ƙara wa aksil ƙarfin murɗa sifirin idan an taka mai ko birki. Wanda ya ga dole sai ya sa, to guda ɗaya gajere, a baya kaɗai, da sababbin yubol, kuma ba a jera biyu. Ƙara tsawon maratayin sifirin yana ɗaga mota kaɗan, yana sa ta lilo. Ƙarin falle ɗaya a kan sifirin mai lafiya yana da amfani, a kan wanda ya riga ya mutu kuwa jinkirta kashe kuɗi ne kawai. Faifan da ake sawa a saman shokozoba na gaba yana ba da tsayi ba tare da ƙara ƙarfi ba. Ɗaga bodi daga kan shasi yana ba taya wuri, amma cikin motar yana nan inda yake. Cikakken saiti shi ne sabon sifirin gaba da baya, da shokozoba masu tsawon da ya dace da su, da bushin da yubol. Kamfanonin Ostareliya irin su Old Man Emu da Dobinsons da Ironman sun yi suna a wannan fanni, domin ƙasarsu ma tana da dogayen hanyoyin burji masu gargada. Suna sayar da sifirin gwargwadon nauyin da mota ke ɗauke da shi kullum. Wanda ya sayi mafi tauri alhali motarsa takan yi tafiya wofi zai sha jijjiga, kuma bayan motar zai riƙa tsalle yana sakin ƙasa. A kula da jabu, ko a Abossey Okai ta Ankara aka saya ko a Suame. A nemi rasit, a duba lambar kaya ta dace da ƙirar motar da shekararta.

Na huɗu, aikin bai ƙare a ranar da aka sa kaya ba. A duba robar birki kada ta ɗame idan taya ta sauka rami. Tsofaffin Hilux suna da wani bawul a baya mai auna nauyi, wanda ke ƙara wa birkin baya ƙarfi idan mota ta zauna da kaya. Idan an ɗaga ta ba a daidaita sandarsa ba, zai ɗauka motar wofi ce ko da tana cike, ya rage birkin baya a lokacin da aka fi buƙatarsa. A yi alaimen, a saukar da fitilun gaba kada su kashe wa masu tahowa ido, a sake ɗaure yubol bayan sawun farko. A karanta gefen taya: lamba 112 tana nufin kilo 1,120 ga kowace taya, lambobi huɗu na ƙarshe kuma suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta.

Na biyar, takarda. Kafin a taɓa motar a tuntuɓi ofishin DVLA na Tamale a ji abin da ƙa'idojin hanya na 2012 suka tanada game da sauya ƙirar mota, a kuma rubuta wa kamfanin inshora a karɓi amsarsa a rubuce. Mai ƙetare iyaka ya tabbata abin da ke cikin takardunsa da katin inshorar ƙetare ya dace da motar da jami'i zai gani a Paga ko Tatale.

Ra'ayin wannan ofis

Magatakarda ba shi da ƙuri'a biyu, amma tunda an tambaye mu za mu faɗa. Muna ganin a saya wa motar ƙungiya cikakken saiti mai ɗaga ta inci biyu, da sifirin baya na matsakaicin nauyi, a bar taya kusa da girmanta na asali, a rubuta iyakar buhunan da za ta ɗauka a jikin ƙofa inda kowa zai gani. Idan kuɗin bai kai ba bana, gara a sa mata sabon sifirin irin na masana'anta a bar ta a tsayinta, a jira baɗi. Masu cewa takarda ta biyu ta yi tsada suna da hujja, domin asusun bai cika ba tun bayan rufe iyakoki, kuma akwai zawarawa da marayun da ke jiran tallafi. Amma littafin kuɗi yana hannunmu, kuma abin da muka fitar a kan haɗari guda ɗaya ya fi bambancin da ke tsakanin takardun biyu. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Muna kuma roƙon taro ya duba shawarar da ɓangaren mata ya kawo, cewa duk motar ɗan ƙungiya da ke ɗaukar mutane a baya a riƙa duba ƙasanta sau ɗaya a shekara kafin damina, a gaban makaniki ɗaya da direba ɗaya da taro zai zaɓa. Takardun biyu suna nan a ofis, duk mai son gani ya zo kafin ranar taro, kuma wanda yake da tsohon hoton a-kori-kura ko Bedford na mahaifinsa ya kawo mana mu ajiye a kundin ƙungiya.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka buɗe waɗannan hanyoyi da ƙafa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai kowa gida lafiya. Barkanmu da zagayowar wannan rana.

Daga ofishin magatakarda, Gurugu, Tamale.